Hoton masana'antu da almuru: hanyoyi biyar na kama haske da duhu, da wadda za ta fi maka

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban matatar mai ko tashar jiragen ruwa bayan faɗuwar rana, ya ɗaga kyamara ya danna, ya san takaicin da nake nufi. Idonka yana ganin komai. Sama ta yi shuɗi mai zurfi, fitilu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya a jikin bututai, tururi yana tashi, har tsatsar da ke gindin tanki kana hangowa. Sai ka duba hoton ka tarar fitilun sun ƙone sun zama fararen dunƙule, ko kuma ƙasan hoton ya yi baƙi ƙirin kamar an tuntsurar da tawada.

Dalilin shi ne tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu ta fi ƙarfin abin da kyamara ke ɗauka a dannawa ɗaya. Masu hoto suna auna wannan tazara da mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na haske. Mataki 10 ninki 1,024 ke nan, mataki 14 kuwa ninki 16,384. Dabarun da ake bi a cike wannan giɓi su ake kira HDR. Matsalar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray a Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su wajen wanke hoto. A 1997 ne Paul Debevec da Jitendra Malik suka nuna yadda kwamfuta za ta haɗa hotuna masu haske daban-daban su zama guda.

Yau hanyoyi biyar ne a gabanka: hoton RAW guda ɗaya (wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba), jerin hotuna da manhaja za ta haɗa, jerin hotuna da za ka haɗa da hannunka, filta mai rabin duhu, sai wayar hannu. Kafin a ɗora su a sikeli, bari mu ga da me za a auna su.

Ma'aunan

Na farko shi ne fitilu. A hoton daji ko dutse, sama ce mai haske, ƙasa ce mai duhu, magana ta ƙare. A masana'anta abin ya sha bamban, domin wuraren da suka fi ko'ina haske suna cikin duhun ne tsundum: ƙwan fitila a jikin tsani, fitilar haska fili a kan dogon ƙarfe, harshen wutar iskar gas a saman bututu. Duk hanyar da ba ta iya da waɗannan ba, ba ta yi komai ba.

Na biyu motsi ne. Masana'anta mai rai ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Hayaƙi yana tafiya, tururi yana sauya siffa kowane sakan, injin ɗaga kaya yana juyawa, jar fitilar gargaɗin jiragen sama da ke kan dogon bututu tana ƙyaftawa. A nan gizo ke saƙa, kuma a nan hanyoyin suka fi rabuwa da juna.

Na uku siffar wurin ce. Bututan hayaƙi da hasumiyoyi da wayoyi suna soke sama, ba miƙaƙƙen layi tsakanin sama da ƙasa.

Na huɗu launi ne, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi sai sun zauna gaban kwamfuta. Tsofaffin fitilun sodiyam suna ba da haske ruwan goro, wajen 2,000 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin. Fitilun LED na fili galibi farare ne, tsakanin 4,000 da 5,000. Wasu tsofaffin fitilun suna ɗaukar kore-kore. Sama kuma shuɗiya ce shar. Wannan cakuɗa ita ce rabin kyan hoton, kuma tana saurin lalacewa idan fitilun suka ƙone, domin wurin da ya ƙone ba launi a cikinsa.

Na biyar lokaci ne. Almurun farko, wato daga faɗuwar rana har ta nutse da digiri 6 ƙarƙashin inda sama ta haɗu da ƙasa, minti ashirin da 'yan kai ne kawai a ƙasashen da ke kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, a arewacin Turai kuwa yakan wuce rabin awa. A cikinsa ma akwai 'yan mintoci da hasken sama ke daidaita da hasken fitilu, tazarar ta ragu ƙwarai. Hanyar da ke cin lokaci a fili tana iya sa ka rasa waɗannan mintoci.

Sai kuma kuɗi, ƙarko, sauƙin koyo da haɗari, waɗanda zan taɓo a ƙarƙashin kowace hanya.

Abu ɗaya ya shafi huɗu daga cikin biyar ɗin: ƙafa-uku, wato mazaunin kyamara. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi ƙafa-uku mai nauyi da ƙwari. Araha a nan asara ce, domin mai rauni yana rawa da iska, makullansa suna saki cikin shekara, shi kuwa nagari yakan ga bayan kyamara biyu ko uku. Ka kashe na'urar hana girgiza idan kyamara tana kansa, ka sa jinkirin sakan 2 kafin ta ɗauka.

Hanya ta ɗaya: RAW guda ɗaya

Ka ɗauki hoto ɗaya a tsarin RAW, ka rage haske har fitilu su tsira, sa'annan ka ɗago duhun a kwamfuta. Shekaru ashirin baya wannan ba ya yiwuwa yadda ya kamata. Yanzu manyan sensa na zamani, wato sashen kyamara da ke karɓar haske, suna kaiwa wajen mataki 14 a gwajin ɗakin awo, kodayake abin da ido zai yarda da tsabtarsa bai kai haka ba. Sharaɗin shi ne ka tsaya a mafi ƙanƙantar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, 100 ko 64 a kyamarorin da ke da shi, domin duk ninka ISO da ka yi kana zubar da kusan mataki ɗaya. JPEG, wato hoton da kyamara ta gama sarrafawa da kanta, ba ya cikin wannan magana ko kaɗan. Shi bit 8 ne (bit ma'aunin yawan bayanin haske ne da fayil ke riƙewa), kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da saura, RAW kuwa yawanci bit 12 ne ko 14.

Ta fuskar motsi, babu hanyar da ta fi ta. Hayaƙi ɗaya ne, a wuri ɗaya. Idan ka bar idon kyamara a buɗe sakan 8 zai kwanta ya yi laushi kamar auduga, idan ka buɗe rabin sakan zai riƙe siffarsa, kuma kai ne ka zaɓa. A fili tana da sauri, kana iya sauya matsayi sau uku cikin mintocin nan masu tsada. Ba ta buƙatar sayen komai bayan kyamara, kuma akwai manhajojin kyauta irin su darktable da RawTherapee da ke buɗe RAW sosai.

Rauninta yana fitowa idan ka ɗago duhu da yawa. Mataki biyu ko uku ba laifi a kyamarar zamani. Ka wuce nan sai yashi-yashi ya bayyana, launin duhun ya koma shunayya ko kore, wani lokaci har layuka su fito. Manhajojin goge yashi sun ci gaba ƙwarai, amma suna iya mulke tsatsa da ƙusoshi su zama sumul kamar roba, alhali su ne naman hoton masana'anta.

Ga shawara ɗaya da na daɗe ina riƙe da ita: ka bar tsakiyar ƙwan fitila ya ƙone. Ido ma fari yake ganinsa. Abin da za ka kare shi ne hasken da ya kewaye ƙwan da bangon da ya haska. Wanda ya nace sai ya ceto cikin ƙwan zai duhunta hoton da mataki huɗu ko biyar a banza. Ka kuma tuna cewa jadawalin haske da kyamara ke nuna maka daga JPEG take zana shi, don haka RAW ɗin yakan ɗan fi shi sarari.

Haɗarinta shi ne ba ka da madogara. In ka kuskure awo, sai wani almurun.

Hanya ta biyu: jerin hotuna, manhaja ta haɗa

Wannan ita ce abin da yawancin mutane ke nufi idan sun ce HDR. Kyamara tana kan ƙafa-uku, ka ɗauki hoto uku ko biyar, kowanne da nasa hasken. Lokacin buɗewa kaɗai za ka sauya. Ƙofar haske ta zauna inda take, misali f/8 ko f/11, ISO ma haka, saitin nisa da na launi duk a kulle, in ba haka ba hotunan ba za su hau juna ba.

Ga misali da lissafi. A ce hoton tsakiya sakan 4 ne. Mataki biyu ƙasa sakan 1, mataki huɗu ƙasa rubu'in sakan, mataki biyu sama wajen sakan 15. Jimla ta haura sakan 20. Idan duhu ya ƙaru har tsakiya ya kai sakan 10, na sama zai nemi sakan 40, alhali yawancin kyamarori a sakan 30 suke tsayawa sai ka koma tsarin Bulb, inda kai ne za ka buɗe ka rufe da kanka. Idan kuma ka bar tsarin goge yashin dogon buɗewa a kunne, kyamara za ta ninka lokacin dogayen hotunan. Kafin jeri ɗaya ya ƙare sama ta riga ta sauya. Saboda haka na fi son jerin ya karkata wajen duhu: hoto ɗaya daidai, biyu masu duhu don fitilu, ɗaya mai haske idan da buƙata.

Wajen kama tazara, ita ce sarauniya. Duhun yana fitowa tas ba yashi, domin an ba shi hasken da ya ishe shi. Lightroom, manhajar gyaran hoto, ya samu wannan aiki tun 2015, kuma yana fitar da fayil ɗin DNG da za ka gyara kamar kowane RAW, sai dai sandar hasken tana kaiwa mataki 10 kowane ɓangare maimakon 5. Kuɗinsa na wata-wata ne, kuma ranar da ka daina biya sashen gyaran yana rufewa. Wannan ma wani nau'in rashin ƙarko ne da ya kamata ka lissafa. Photomatix tsohon hannu ne a fagen, sau ɗaya ake sayensa. Enfuse kyauta ne, yana zuwa tare da manhajar Hugin, kuma yana bin dabarar da Tom Mertens da abokan aikinsa suka fitar a 2007: daga kowane hoto a tsinci wurin da ya fi kyau a narkar da su tare. Sakamakonsa yakan fi kama da abin da ido ya gani.

Sai dai fa motsi. Na taɓa tsayawa a kan gada ina fuskantar wata tashar lantarki, iska tana kaɗa tururin hasumiyoyin zuwa hagu. Na ɗauki jeri biyar ina murna. Da na haɗa su, tururin ya fito gida biyar, kowane da bakinsa, kamar an yayyanka shi da almakashi an liƙa, jar fitilar kan bututun kuma rabinta a kunne rabinta a kashe. Masu hoto fatalwa suke kiran wannan. Manhajoji suna da maganinta mataki-mataki, amma yadda suke yi shi ne su ɗauko wurin daga hoto ɗaya kawai, kuma idan suka ɗauko daga mai duhu sai ka ga facin yashi a tsakiyar sama mai tsabta. A jerin nan kuma hoto na huɗu ya ɗan girgiza, domin wata babbar mota ta bi ta kan gadar. Tun daga ranar nake sauraren ƙarar mota kafin in danna.

Haɗari na biyu na hannun mai gyara ne. Idan aka matsa wa hoton, sai farin zobe ya kewaye kowane bututu, sama ta yi toka-toka kamar datti, duhu ya ɓace gaba ɗaya. Wannan salo ya yi tashe a tsakiyar shekarun 2000 har ya ɓata wa HDR suna. Abin yana yi mini ciwo, domin almuru ba ya zama almuru in ba duhu. Wurin da ya kamata ya yi baƙi, ka bar shi baƙi.

Ka shirya wa katin ajiya da kwamfuta ma: hoto biyar a madadin ɗaya, ga fayil ɗin haɗin da ya fi kowannensu nauyi.

Hanya ta uku: jerin hotuna, ka haɗa da hannu

A fili aikin ɗaya ne da na hanya ta biyu. Bambancin yana kan tebur. Ka zaɓi hoto ɗaya ya zama tushe, wanda hayaƙinsa da samansa suka fi burge ka. Ka ɗora mai duhu a kansa a Photoshop ko GIMP ko Affinity, ka rufe shi duka, sa'annan ka buɗe shi a wuraren da suka ƙone kawai: kewayen fitilu, harshen wuta, tagar da ke ci da haske. Akwai dabarar da ke sa hasken hoton da kansa ya zana maka wuraren da za a buɗe, ta yadda gefen zai narke ba tare da alamar buroshi ba.

Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Tana ba ka tsabtar motsi ta hoto ɗaya tare da ceton fitilu na jeri. Fatalwa ba ta samun ƙofa, domin hayaƙin daga hoto ɗaya ya fito. Launin kowane yanki yana hannunka: kana iya barin ruwan goron sodiyam ya yi ɗuminsa a ƙasa, sama ta riƙe shuɗinta, ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba. Sau da yawa hoto biyu sun isa.

Tana kuma buɗe wata ƙofa da sauran ba su da ita. Idan ba ka motsa ƙafa-uku ba, kana iya ɗaukar hoto ɗaya da sauran hasken rana a jikin ƙarafa, ka jira minti goma sha biyar ka ɗauki wani bayan fitilu sun kama, ka haɗa. Kyansa ba a magana. Amma ka sani wannan ya zama haɗa lokuta biyu, kuma idan aikinka na jarida ne ko na shaida, ba a yarda da shi. Hasali ma yawancin kafofin labarai ba sa karɓar hoton da aka haɗa daga hotuna da yawa, ko da na lokaci ɗaya ne.

Farashinta lokaci ne. Hoto ɗaya yana iya cin awa guda, kuma makonnin farko za ka yi ta samun fitilu masu toka-toka da baƙin zobe a gefen bututu. Wayoyi da tsanin ƙarfe masu ƙananan ramuka suna gwada haƙurin mutum. Kuɗi kuwa ya danganta da manhaja, GIMP kyauta ne. Ta fuskar ƙarko ita ce gaba, domin abin da ka saya gwaninta ce, kuma tana bin ka ko wace kyamara ko manhaja ka koma.

Hanya ta huɗu: filta mai rabin duhu

Gilashi ne ko roba mai kusurwa huɗu, samansa da duhu, ƙasansa garau, ana zura shi a mariƙi gaban kyamara. Lambar 0.6 tana rage mataki biyu, 0.9 mataki uku. Akwai mai yankan kaifi, akwai mai yankan laushi, akwai wanda duhunsa ya fi yawa a tsakiya don lokacin da rana ke bakin faɗuwa. Lee da NiSi da Cokin suna cikin sanannun masu yin su.

A bakin teku abin alfahari ne. A masana'anta kuwa yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. Yana duhunta sama, alhali fitilun da ke ƙonewa suna ƙasa, inda gilashin yake garau. Duk bututun da ya soke sama kuma kansa zai yi baƙi gindinsa ya yi haske, kuma gyara wannan a kwamfuta ya fi wuyar haɗa hoto biyu. Ƙarin gilashi gaban fitilu masu ƙarfi yana jawo tartsatsin haske da korayen ɗigo. Na roba yana saurin karcewa, kuma kowane karce yana walƙiya idan fitila ta doke shi. Na gilashi ba ya karcewa da sauƙi, amma faɗuwa ɗaya a kan kankare ta gama da shi. Ga mariƙi, ga zobe na kowane girman gilashin kyamara, kuɗin yana taruwa.

Inda yake da amfani: kana tsallaken ruwa, tashar tana can nesa a kwance, rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Minti goma bayan haka sai ka cire shi, domin sama ta riga ta yi duhu da kanta.

Hanya ta biyar: wayar hannu

Apple ya sa HDR a iPhone tun 2010. Dabarar HDR+ ta Google kuwa ita ce ɗaukar gajerun hotuna da yawa masu ɗan duhu cikin ƙiftawar ido, a jera su a haɗa, ta yadda fitilu za su tsira yashi kuma ya ragu. Yau kusan kowace waya mai kyau tana yin irin wannan ba tare da ta tambaye ka ba. Ba ƙafa-uku, ba kwamfuta, ba ƙarin kuɗi. A fuskar waya hoton yakan yi kyau har ka yi mamaki.

Ka buɗe shi a babban allo sai lissafin ya sauya. Sensa ƙarama ce, don haka wayar tana mulke duhu, tsanin ƙarfe na nesa ya narke, wayoyi su yanke su ci gaba. Tana kuma son haskaka dare ya koma kamar la'asar, sai ka ja sandar haske ƙasa da yatsa kafin ka ɗauka. Masana'anta galibi daga nesa ake ɗaukarta, kuma kyamarar jawo nesa ta waya ita ce mafi rauni a duhu. Ga kuma ƙyaftawar fitilu: wutar lantarki mai zagaye 50 a sakan tana sa fitilu da yawa su yi ƙyafta 100 a sakan, gajeren buɗewa yana kama wannan ya zama ratsi-ratsi, dogon buɗewa kuwa yana shafe shi. Wayoyin da ke ba da RAW suna rage matsalar mulkewa. Ƙarkon hoton shi ne abin dubawa, domin in ba RAW ka ɗauka ba hukuncin da wayar ta yanke ya zauna, ba ka da ɗanyen da za ka koma wa bayan shekara biyar.

A taƙaice cikin tebur

| Hanya | Kuɗi bayan kyamara | Ƙarko | Sauƙi | Jure motsi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| RAW ɗaya | Babu, in ka bi manhajar kyauta | Mai kyau, ana sake gyarawa | Mai sauƙi | Sosai | Yashi a duhu, kuskuren awo |
| Jeri da manhaja | Daga kyauta zuwa biyan wata-wata | Ya dogara da manhaja | Matsakaici | Rauni | Fatalwa, zoben haske |
| Jeri da hannu | Daga kyauta zuwa biyan wata-wata | Mafi ƙarko | Mai wuya | Sosai | Cin lokaci, alamar haɗi |
| Filta | Mai tsada | Karcewa ko fashewa | Matsakaici | Sosai | Baƙin kan bututu, tartsatsi |
| Waya | Babu | Hoton ba ya gyaruwa sosai | Mafi sauƙi | Daidai gwargwado | Mulkewa, ratsi |

Akwai haɗarin da tebur bai ɗauka ba, kuma ya fi duka nauyi. Matatun mai, tashoshin lantarki da tashoshin jiragen ruwa wurare ne na tsaro a ƙasashe da yawa, dokar ɗaukarsu hoto kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka bincika dokar inda kake, ka tsaya a filin jama'a, ka nemi izini a rubuce idan za ka matsa kusa, kada ka tsallake shinge, kada ka tayar da jirgi marar matuƙi a kansu. Mutum da ƙafa-uku a duhu yana jan hankalin masu gadi fiye da mai waya, kuma hanyar da ke tsayar da kai minti ashirin a wuri ɗaya ta fi jawo tambaya. Ka je da rana ka ga wurin tukuna, ka sa riga mai ƙyalli idan kana gefen titin manyan motoci.

Wa ya dace da wace?

Idan abin da kake ɗauka masana'anta ce da ta daina aiki, jeri da manhaja ya ishe ka. Tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Duisburg-Nord a Jamus misali ce: ta tsaya a 1985, aka mai da ita wurin shaƙatawa, kuma tun 1996 ake haska ta da fitilu masu launi. Ba hayaƙi, ba injin da ke juyawa, sai duhu mai zurfi a cikin ƙarafa da fitilu ja da kore da ke saurin ƙonewa. Irin wannan wuri kamar don HDR aka yi shi.

Idan kuwa masana'antar tana numfashi, irin na gaɓar Kawasaki a Japan inda har jiragen ruwa ke ɗaukar 'yan kallo da dare, ka manta da haɗin manhaja. Daga kan jirgi ƙafa-uku ba shi da amfani, sai RAW ɗaya da ISO mai ɗan yawa, ko waya. Daga tudu kuwa, tushe ɗaya da hoto mai duhu ɗaya, ka haɗa da hannu.

Mai aikin jarida ko na rahoto ya tsaya a RAW ɗaya, ya zuba ƙoƙarinsa wajen isa da wuri don kama mintocin da sama da fitilu suka daidaita. Wanda zai buga hoto babba don bango ko don kamfanin da ya ba shi aiki, haɗin hannu ne zai fitar da shi kunya. Mai tsohuwar kyamara ko mai ƙaramar sensa, jeri zai ba shi tsabtar da sai ya kashe kuɗi mai yawa kafin sabuwar kyamara ta ba shi. Wanda hotonsa a intanet zai tsaya, wayarsa ta wadatar, ya dai jingina ta da wani abu ya rage haske. Filta kuma, in kana da shi don hoton teku ka sa shi a jaka, amma kada ka saya don masana'anta.

Sabon shiga da har yanzu yake wasi-wasi, ga abin da zan ce ya yi a fitarsa ta gaba. Ya kafa ƙafa-uku minti ashirin kafin rana ta faɗi, f/8, ISO 100, ya sa kyamara ta riƙa ɗaukar uku-uku da tazarar mataki biyu, ya maimaita duk bayan minti uku har sama ta yi baƙi. A gida ya fara gwada hoton tsakiya shi kaɗai. In ya fito, shi ke nan. In fitilu sun ƙone, mai duhun yana nan a katin yana jiransa.